Hanyar da Jan Biro Ba Ta Bi Ba

Matakala ashirin da bakwai ne daga ƙofar maɗaba'ar zuwa teburinta, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan tana hawansu. Teburin yana jikin taga ta uku, wadda ba ta rufuwa sosai. A ƙasa injin buga mujalla yake, in ya tashi ruri kofin shayinta da kansa yake tafiya zuwa bakin tebur, sai ta tare shi da gwiwar hannu ba tare da ta ɗago kai ba. Aikinta gyaran rubutu. Shafi arba'in da takwas kowane mako, duk sai sun bi ta ƙarƙashin hannunta, kuma da wuya shafi ya fita bai yi jina-jina ba. Tun shekararta ta biyu sunanta na gaskiya ya ɓace a ginin. Daga mai gadi har Edita, kowa Jan Biro yake ce mata.

A gida kuwa Auta ce, ta bakwai a ɗakinsu. Tsakaninta da babban wansu shekara goma sha shida, kuma da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe ta. Yaya mai zanen taswira ne a ofishin filaye, mutumin da zai ja layi mai tsawon kamu biyu ba rula, ka ɗora rula ka ga ba inda ya kauce. Shi ya koya mata ƙirga da ƙusoshin da yake manna takarda da su, shi ya koya mata feƙe fensir. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama. Sai ya fara zana wani wasa ƙwaƙwalwa da ya sa wa suna Zagayen Zare, ita kuma ta kai wa Edita, aka ba shi rabin shafi na arba'in da shida.

Wasan ba shi da wuyar bayani. Ɗige-ɗige ne a jere, layi-layi, kowane ɗigo huɗu sun kewaye gida ɗaya mai bango huɗu. Wasu gidajen da lamba a ciki, daga sifiri zuwa uku, wasu fanko. Mai wasa zai ja zare guda daga ɗigo zuwa ɗigo, ya zaga ya dawo inda ya faro, ba tsinkewa, ba reshe, ba gittawa. Lambar gida ita ke faɗin bango nawa zaren zai bi: mai uku bango uku, mai sifiri ko a mafarki. Gidan da ba lamba, ba ruwansa da kowa. Akwai kuma sharaɗin da ba a bugawa a shafi, amma shi ne mutuncin mai zane: dole amsar ta zama ɗaya tak. Wasan da za a iya warware shi ta hanya biyu ba wasa ba ne, raina hankalin mutane ne. Wanda ya zana kuma ba ya ganin hanya ta biyu, don idonsa ya riga ya saba da tasa. Sai an sami wani ya duba masa. Yaya bai je da nisa ba, ya ce ga Auta.

Kowace Litinin da safe zai hau matakalan nan ya ajiye mata takarda biyu, wasan a buɗe, amsar a cikin ambulan da ya liƙe da salatif. Ba ta taɓa ambulan ɗin sai ta gama. Za ta kwafe wasan sau uku a takarda mai tsabta, ta ɗauki fensir, ba za ta ja layi ba sai wanda lambobi suka tilasta, bangon da zare ba zai bi ba kuma ta sa masa ɗan gicciye. In ta zo mararraba, inda hankali ya tsaya cak tsakanin hanya biyu, sai ta ɗauki kwafi biyu ta bi kowace hanya har sai ɗaya ta mutu. Kuma sai ta ga gawar da idonta: ga zare ya tsinke, ko ga gida mai biyu ya tashi da bango uku. In duka biyun suka kai gida lafiya, to an samu matsala.

Masu warware wasan a gidajensu suna da wata dabara. In suka ga wata hanya za ta ba da amsa biyu, sai su ce ai mai zane ba zai bar haka ba, su tsallake ta. Ga mai karatu wannan wayo ne. Ga mai dubawa kuwa cin amana ne, don abin da aka sa ka bincika shi ka ɗauka a matsayin gaskiya. Ratsen malalata take kiransa, kuma ko almajiran ofis da ke tambayarta yadda ake wasan ba ta koya musu shi.

A shekara goma sha biyar Yaya ya zana wasa ɗari bakwai da sittin da biyu. Ta mayar masa da hamsin da takwas. Kowane ɗaya daga cikin hamsin da takwas ɗin nan sai da aka yi ƙaramin yaƙi a falonsa.

"Yaya, zarenka ya haifi tagwaye."

"A ina?"

"Layi na bakwai, gida na huɗu."

Sai ya gyara tabarau, ya duba, ya daɗe yana dubawa. "Auta, ni fa na koya miki riƙe fensir."

"Shi ya sa na iya."

"Wannan bakin naki, ban san yadda mijinki yake barci ba."

"Lafiya lau, shi ba ya zana tagwaye."

Daga kicin matarsa za ta ɗaga murya. "Gwaggon yara, ki bari bawan Allah ya ci abinci mana! Kullum kika shigo gidan nan da takarda a hannu sai miyata ta yi kwantai."

Zai yi tsaki, ya ƙara lamba ɗaya ko biyu, ya miƙo mata ba tare da ya dube ta ba. Amma a duk inda ya zauna da tsofaffin abokan aikinsa, abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: ba a taɓa buga wasansa da amsa biyu ba. Ko sau ɗaya. Ba ya cewa saboda Auta ne, ita ma ba ta nemi ya ce ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi wata safiya yana ban ruwan shukoki. Kwana goma sha tara a asibiti. Maganarsa ta dawo, ƙafarsa ta dawo rabi, hannun dama kuwa ya tafi ke nan. Mako goma sha huɗu shafin yana maimaita tsofaffin wasanni, har Edita ya kira ta ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Malama, masu mujalla sun matsa mini. Akwai kwamfutar da ke fitar da irin wasan nan ɗari a minti guda, kuma sun ce ba ta kuskure."

"Yaya ma ba ya yi."

"Na sani. Amma hannun fa?"

"Yana da biyu."

Edita ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Yaya zai zana babban wasa guda, cikakken shafi, don fitowar cikar mujallar shekara arba'in. In masu karatu suka amsa da yawa, kuma ba a sami aibu ba, za a bar masa shafinsa sau ɗaya a wata, da sunansa a sama. In ba haka ba, kwamfuta ta karɓa.

Mako goma sha ɗaya ya ɗauke shi, da hannun hagu. Gida ashirin a kwance, talatin a tsaye, ɗari shida ke nan, da lamba ɗari biyu da tamanin da uku a ciki. Matarsa ce ke danne masa rula. In ya rubuta lamba, biyunsa ya koma kamar agwagwar da ta sha duka, ukunsa kuma sai an tambaye shi. Takarda sittin da ɗaya ya yaga kafin ya kai. Ba ya iya hawan matakala yanzu, don haka ita ta je karɓa ranar Litinin da la'asar. Ya miƙo mata takardun biyu yana murmushin da rabin bakinsa ne kawai ke yi.

"Ga shi nan, Auta. Ki nemo tagwayen in kin isa."

Matarsa ta rako ta har bakin titi, abin da ba ta saba ba. Sai da suka wuce shagon mai faci sannan ta riƙe mata hannu.

"Gwaggon yara, don girman Allah kar ki dawo masa da wannan."

"Anti, in da gyara ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

"Ke ba ki ga abin da na gani ba. Jiya fensir ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa, na shigo na tarar yana kuka kamar yaro. Wannan takardar ita ke tashe shi daga gado. In kika ce masa akwai kuskure, ban san me zan tashe shi da shi ba."

Jan Biro ta shiga mota da takardun a ƙirji.

Ranar Alhamis ƙarfe biyun rana shafin zai sauka wurin masu inji. Talata ta kwafe shi, awa huɗu. Laraba ta wuni a kai, mararraba goma sha ɗaya ta tarar, ta bi kowacce har ta ga gawa. Wasan ya yi kyau, kyawun da ya sa sau biyu ta ajiye fensir tana girgiza kai ita kaɗai. Hannun ne ya mutu, kan yana nan daram. Alhamis ƙarfe goma sha biyu saura kwata ta iso kusurwar ƙasa ta dama, mararraba ta goma sha biyu, ta ƙarshe.

Zaren zai iya sauka kai tsaye, ko ya karkata hagu. Ta bi hagun da ido kawai, gida biyar gaba, sai ta hango wani gida mai lamba biyu wanda maƙwabtansa huɗu duk fanko ne. In zare ya shigo masa ta kusurwa ɗaya zai fita ta ɗaya kusurwar, to zai iya kewaya ta sama, zai iya kewaya ta ƙasa, bango biyu ne ko ta ina, kuma ba lambar da za ta hana. Tagwaye ke nan, in dai hanyar hagun tana da rai. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗauki kwafi ta bi hanyar har ƙarshe ta ga ko za ta mutu a gaba. Aikin minti arba'in. Tana da awa biyu da kwata.

Ta ɗauki kwafin. Ta feƙe fensir, duk da ba ya bukata. Sai ta ji kanta tana cewa a ranta: Yaya ba zai bar irin wannan ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ya yi mako goma sha ɗaya a kan takarda guda, ai ya ga gidan nan, ya san hanyar ta mutu a wani wuri. Ta mayar da kwafin cikin aljihun tebur. Ta sa gicciye a hagu, ta sauko da zaren kai tsaye, cikin minti shida ya haɗe da kansa. Ta yage ambulan, ta ɗora amsarta a kan tasa a jikin gilashin taga, layi ya hau layi ba ko kaucewa. Ta sa hannu da jan biro a ƙasan shafin, ta kai wa masu inji da kanta, ta dawo ta sha shayi. Har da saura awa ɗaya da rabi tana zaune tana kallon titi.

Ba ta ga kuskure ta ɓoye ba. In an tambaye ta ko ta san akwai amsa ta biyu, za ta rantse ba ta sani ba, kuma ba za ta yi kaffara ba. Ta dai san inda za ta leƙa ta sani, ta ƙi leƙawa.

Wasiƙu suka fara zuwa bayan kwana huɗu. Shafin bai taɓa samun fiye da saba'in ba, wannan karon ɗari biyu da goma sha huɗu suka zo, har mai kawo wasiƙu ya yi ƙorafin matakala. Ita aka ba ta tantance. Ɗari da talatin da tara sun yi daidai da amsar Yaya. Takwas shirme ne. Arba'in da takwas sun bi hagu sun kewaya gidan nan ta sama. Goma sha tara sun bi hagu sun kewaya ta ƙasa. Ta bi su bango-bango, duk gida ɗari shidan, tana fatan ta kama ko lamba ɗaya da suka saɓa. Babu. Ba amsa biyu ba ma, uku. Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko da duka ukun a ambulan ɗaya, da ɗan rubutu cikin ladabi: ko ni ce ban fahimci ƙa'idar ba?

Edita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Malama, ba laifinki ba ne, wasan ya yi girma, mutum tara yake bai cika goma ba. Za mu ba da haƙuri a fitowa ta gaba. Sauran kuma kin san yadda muka yi."

Kafin ta tashi aiki ta ciro kwafin nan daga aljihun tebur, ta nemi gyaran. Lamba ɗaya ce. Uku guda, a gida na biyu bayan mararrabar, da ta toshe hagun gaba ɗaya ba tare da ta taɓa amsarsa ba. Minti bakwai ya ɗauke ta.

Ta same shi a baranda, an ɗora masa hannun daman a kan matashi. Labari ya riga ta, Edita ya yi masa waya. Matarsa ta kawo ruwa ta koma ciki ba ko barkwanci.

"Na rubuta musu ban haƙurin," ya ce. "Da sunana. Tsufa ne, Auta. Ke ma ba aljana ba ce, gida ɗari shida, dole wani ya zille miki."

Ga ƙofa ya buɗe mata, ba abin da ya rage sai ta bi. Ta dubi takardar da ke cinyarta.

"Bai zille mini ba, Yaya. Na ga gidan."

"Kin gan shi?"

"Na ga mararrabar. Ban bi hagun ba."

"Lokaci ne ya ƙure?"

"Da saura awa biyu."

Wata mota ta wuce a titi, sai wata. "To me ya hana ki?"

"Na ce ba za ka bar irin wannan ba."

Ya cire tabarau da hagu, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe shi a hannu. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Sau hamsin da takwas kina shigo mini gida kina hana ni cin abinci. Lokacin ina da hannu biyu, ina iya tashi in kore ki. Sai yanzu da na zama abin tausayi kika yarda da ni?"

"Yaya..."

"Masu yarda da ni ina da su, ga su nan ɗari biyu sun rubuto. Matata ma ta yarda da ni, ko layi na ja a karkace cewa take ya yi kyau. Mutum ɗaya na ajiye a duniya wanda ba zai yarda da ni ba."

Ta miƙa masa kwafin, ta nuna gidan da ɗan yatsa. "Uku a nan. Shi ke nan abin da ya rage."

Ya mayar da tabarau, ya duba. Ta ga idonsa yana bin zaren, ya karkata hagu, ya ci karo da ukun, ya tsaya. Har ya ɗan gyaɗa kai irin na mai sana'a da ya ga aiki mai kyau.

"Haka ne. Nan ne." Ya miƙo mata takardar. "Ki gaida mai gidan naki."

Bai rufe mata ƙofa ba. Shekara biyu da wata biyar ya yi bayan nan kafin ya rasu, kuma duk mako tana zuwa. Suna hirar jikoki, da tsadar magani, da maƙwabcin da ya gina katanga ta shigo masa taku ɗaya. Yana tsokanarta, tana ramawa. Amma teburin zanen an mayar da shi wurin ajiye kwalaben magani, kuma bai ƙara miƙo mata takarda ba. Sau uku ta kawo masa fensira sababbi, sau uku ta ga jikokinsa suna zanen mota da su. Matarsa ta taɓa cewa, suna wanke-wanke su biyu, "Ni na sa ki." Jan Biro ta ce a'a. Roƙo aka yi mata, hannun da ya sa gicciyen nata ne. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, ita kuwa tata a gabanta take zaune, a shafi na arba'in da shida.

Don har yau shafin yana bi ta teburinta kowace Laraba. Wasan kwamfuta ne yanzu, goma a kwance goma a tsaye, lambobi tsaf kamar haƙoran roba, ba sunan kowa a sama. Aikinta a kansa bai wuce ta duba kanun shafi da kwanan wata ba, minti biyu. Ba wanda ya ce ta warware shi. Amma sai ta kwafe shi sau uku, ta bi kowace mararraba hagu da dama har ta ga gawa, yaran ofis suna wucewa suna taɓa juna. Guda ɗari biyu da shida ta duba zuwa makon jiya. Ba ta sami ko ɗaya mai amsa biyu ba. Ko da ta samu, ba falon da za ta shiga da shi ta hana wani cin abinci.

Saura mata wata tara ta yi ritaya. Edita ya tambaye ta wa za ta koya wa duba wasan kafin ta tafi, sai ya tuna ba a bukata, ya ce ta manta da zancen. Ta ce to, ta tare kofin shayinta da gwiwar hannu, ta jawo shafi na arba'in da bakwai.